Faifan CD ko Waƙar Intanet: Wane Sauti ne Ya Fi?

A ƙasashen Turai da Amurka, masu sha'awar kiɗa sun daɗe suna gardama a kan tambaya guda: shin waƙar da ake saurare kai tsaye ta intanet, wadda ake ce ma mai cikakken inganci, ta fi faifan CD daɗin sauti a na'urar gida? Gardamar tana da darasi ga mutanen Adar, daga Allakaye har Buza, Keita da Madawa.

Kamfanonin Sony da Philips ne suka fito da faifan CD a 1982. Yana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane awo da bit 16. Ba da ka aka tsaida wannan adadi ba: kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin da ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, kuma lissafi ya nuna awon da ya ninka haka sau biyu ya wadatar. Su kuwa Qobuz na Faransa da Apple Music, wanda ya bi sahu a 2021, suna ba da bit 24 da awo har 192,000. A kan takarda tazarar babba ce. Amma da aka gwada mutane, aka sa masu biyun ba tare da sun san wanne ne wanne ba, sai aka tarar bambancin ɗan kaɗan ne, akasarinsu ba su rarrabe shi. Abin da ya fi tasiri shi ne lasifika, da ɗakin da ake saurare, da yadda aka naɗi waƙar tun farko.

A Adar kuwa, hasarar sauti a wani wuri take. Da can rakoda da kaset ne tsarabar ƴan ci-rani daga Abijan da Legas. Yanzu salula ta gaje su. Waƙar salula yawanci MP3 ce, wadda aka matse: minti ɗaya na CD kusan mega 10 ne, na MP3 kusan mega ɗaya. Wannan sauƙin yana da rana. Ta salula ne waƙoƙin da Mdou Moctar, ɗan jahar Tawa, ya naɗa a Sakkwato a 2008 suka bi hannu hannu, har ɗaya daga cikinsu ta shiga faifan da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fitar a 2011.

Sai dai abin da matsewa ta zubar ba ya dawowa. Idan aka juye tsohon kaset na goge, ko gurumi, ko kiɗan kokawa zuwa MP3, sa'an nan aka yar da kaset ɗin, to an bar ma jikoki ragowa. Shi ya sa masu adana sauti na duniya suke ba da shawarar juyewa da bit 24 da awo 96,000. Amfanin babban inganci ke nan: ajiya.

Don haka kira ga gidajen rediyon karkara da iyalan makaɗa: a juye kowane kaset da inganci aƙalla na CD, a yi kwafi biyu, a ɓoye na asali nesa da zafi da ƙura. MP3 a bar shi ga aljihu. Manomi ba ya cinye irin shuka don ya ga tuwo a akushi.