Yamai 2009, Dakar 2024: me ya sa hukuncin kotu ya tsaya a wata ƙasa, ya faɗi a wata?

Kundin tsarin mulkin kusan kowace ƙasa ta yankinmu ya raba iko gida uku: gwamnati, majalisar dokoki da kotuna, domin kowane ɓangare ya taka wa ɗan uwansa birki. Ranar da shugaban ƙasa ya nemi zarcewa ake sanin ko birkin yana kamawa. Senegal da Nijar duk sun ga wannan rana.

A ranar 3 ga Fabrairun 2024, shugaba Macky Sall ya dakatar da zaɓen da aka shirya yi ranar 25 ga watan. Bayan kwana biyu majalisar dokoki ta mayar da shi 15 ga Disamba, bayan jandarmomi sun fitar da ƴan adawa daga zauren. Majalisa ta kasa ke nan. Amma ranar 15 ga Fabrairu kotun tsarin mulki ta soke matakin, daga baya kuma ta ƙi amincewa da ranar 2 ga Yuni, ta ce dole a yi zaɓe kafin wa'adin shugaban ya ƙare ranar 2 ga Afrilu. Sall ya bi. An kaɗa ƙuri'a ranar 24 ga Maris, Bassirou Diomaye Faye, wanda ya fito daga gidan kaso kwana goma kafin nan, ya lashe.

Kotun tsarin mulkin Nijar ta nuna irin wannan jarunta a 2009, lokacin tazarcen shugaba Mamadou Tandja. Ƙarƙashin jagorancin Salifou Fatimata Bazèye, ta ce zaɓen raba gardamar da yake son shiryawa ya saɓa wa doka. Tandja ya rusa majalisa ranar 26 ga Mayu, ya rusa kotun kanta a ƙarshen Yuni, aka yi zaɓen ranar 4 ga Agusta. CEDEAO ta dakatar da Nijar, abin bai sauya ba, sai da sojoji suka kifar da shi ranar 18 ga Fabrairun 2010.

A rubuce, kotun Yamai ta 2009 ta fi ta Dakar ta 2024 ƴanci: akasarin mambobinta bakwai takwarorinsu ne ke zaɓo su, wato alƙalai, lauyoyi, malaman jami'a da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam, alhali a Senegal shugaban ƙasa ke naɗa duka bakwai. Kuma kotun ta Dakar ce ta bai wa Abdoulaye Wade damar neman wa'adi na uku a 2012, sai masu zaɓe suka kayar da shi.

Bambancin yana wajen kotu. Alƙali ba shi da soja, ba shi da baitulmali. Hukuncinsa yana aiki ne idan ƙin binsa zai jawo wa shugaba asarar da ba zai iya ɗauka ba. A Senegal matasa sun fito tituna har an rasa rayuka, ƙungiyoyin fararen hula sun haɗa kai, ga sojojin da ba su taɓa juyin mulki ba tun 1960, ga al'adar miƙa mulki ta 2000 da 2012. A Nijar ƙungiyoyin ƙwadago da ƴan adawa sun yi zanga-zanga, amma hukumomin gwamnati sun ci gaba da bin umarnin fadar shugaban ƙasa, aka bar wa bindiga magana ta ƙarshe.

Akwai kuma inda ake kwance birkin ba tare da hayaniya ba. A Kamaru majalisa ce da kanta ta cire ƙayyade wa'adi a Afrilun 2008, kotun tsarin mulkin da kundin 1996 ya tanada kuwa sai a 2018 aka kafa ta.

Ga al'ummomin da ba su da rinjaye a ƙasashensu, irin Hausawan Zango a Kumasi ko na unguwar Briqueterie a Yawunde, wannan ba gardamar lauyoyi ba ce. Wanda ƙuri'unsa ba su kai su kafa gwamnati ba, kotu da majalisa ne mafakarsa idan aka taɓa filinsa, kasuwarsa ko takardar zamansa ɗan ƙasa. Kotun da shugaba ya raina a kan wa'adi, ba za a ji maganarta ba ranar da ta tsaya wa talaka.