Hanyar Kofin Duniya Daga Filin Gida Take Farawa

Ya ku ɗalibai, da yawanku sun san sunayen 'yan wasan Chelsea da Real Madrid kamar yadda suka san sunayen 'yan ajinsu. To, amma in aka tambaye ku sunan mai tsaron gidan El-Kanemi Warriors, ƙungiyar garinmu Maiduguri, mutum nawa ne za su iya amsawa? A ganina wannan abin dubawa ne, kuma tarihin Gasar Kofin Duniya ta Ƙungiyoyi zai taimaka mana wajen fahimtarsa.

Kowace nahiya tana da gasar da take fitar da zakaranta. Daga 1960 zuwa 2004, zakaran Turai da zakaran Kudancin Amurka ne suke karawa don a san gwanin gwanaye. A shekarar 2000 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, wato FIFA, ta soma wata gasa a Barazil wadda ta haɗa zakarun dukkan nahiyoyi. Tun daga lokacin, ƙungiyoyin Turai da na Barazil ne kaɗai suka taɓa ɗaukar wannan kofi.

Duk da haka, Afirka ta taɓa kaiwa wasan ƙarshe. A 2010 ƙungiyar TP Mazembe ta birnin Lubumbashi, a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, ta doke Internacional ta Barazil da ci biyu ba ko ɗaya. Ita ce ƙungiya ta farko daga wajen Turai da Kudancin Amurka da ta kai wannan matsayi. A ranar 18 ga Disamba, a birnin Abu Dabi, Inter Milan ta Italiya ta ci ta uku da nema. Ku lura da wani abu: ɗaya daga cikin ƙwallayen nan uku, Samuel Eto'o ne ya zura ta, kuma shi ɗan Kamaru ne, maƙwabciyar Jihar Borno. Ashe Afirka ba ta rasa gwanaye ba. Abin da ta rasa shi ne ƙungiyoyin da za su iya riƙe su a gida.

A 2013 Raja Casablanca ta Maroko ita ma ta kai wasan ƙarshe, Bayern Munich ta doke ta da ci biyu. A 2025 aka faɗaɗa gasar zuwa ƙungiyoyi 32 a Amurka, inda Chelsea ta ci Paris Saint-Germain uku ba ko ɗaya ranar 13 ga Yuli. Ƙungiyoyi huɗu ne suka wakilci Afirka, daga Masar da Maroko da Tunisiya da Afirka ta Kudu. Babu ta Nijeriya ko ɗaya. Enyimba ta Aba ta zama zakaran Afirka a 2003 da 2004, amma a waɗannan shekaru biyu ba a yi gasar ta FIFA ba.

Wani zai ce: "Malam, wasan Turai ya fi kyau, filayensu sun fi namu, me zai sa in ɓata kuɗina a kan na gida?" Gaskiya ne wasansu ya fi tsari, kuma ban ce ku ƙaurace wa gidan kallo ba. Sai dai ku tambayi kanku: me ya sa nasu ya yi kyau? Ƙungiya tana samun kuɗi ne daga tikitin shiga fili, da sayar da riguna, da talla, da kuɗin nuna wasa a talabijin. Duk waɗannan 'yan kallo ne tushensu. Ɗan kasuwa ba ya kai tallarsa filin da babu kowa. In babu kuɗi, albashi ba ya fita a kan lokaci, sai gwanin ɗan wasa ya haɗa kayansa ya tafi inda za a biya shi. Idan muka jira sai wasanmu ya gyaru kafin mu je kallo, to, ba zai gyaru ba.

Kada ku raina abin da muke da shi. El-Kanemi Warriors ta ci kofin ƙalubale na Nijeriya a 1991 da 1992. A shekarun tashin hankali an tilasta mata yin wasanninta na gida a wasu garuruwa, amma ba ta rushe ba. A 2024 ta sake ɗaukar kofin a Legas, bayan ta doke Abia Warriors da ci biyu da nema. Mazembe ma daga filin garinta ta fara. Ta ci gasar ƙasarta, ta ci ta Afirka a 2009 da 2010, sannan ta tsaya gaban zakaran Turai. Tsani ne mai matakai, kuma ba a fara hawansa daga sama.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gwamnati da 'yan kasuwa suna da nasu aikin: gyara filaye, tabbatar da tsaro, da biyan 'yan wasa haƙƙinsu. Ku ma kuna da naku. Ku nemi izinin iyayenku ku je filin wasa na El-Kanemi, ko da sau ɗaya ne a zangon karatu. Ku sayi tikiti, ku zauna cikin ladabi, kada ku jefi alƙalin wasa ko baƙi. Ku kuma riƙe gasar makarantu da muhimmanci, domin daga irin filinku na makaranta ake samun 'yan wasan da ƙungiyar gari take ɗauka.