Kalmar Shuka a Bakin Ɗalibanmu na Azhar

A Madinat Nasr ta birnin Alƙahira, inda tsangayoyin Jami'ar Azhar suke, ɗalibanmu Hausawa, ko da yake neman ilmi ya nisanta su da gona da fartanya, ba su rabu da kalmar shuka ba. Manomi yana shuka gero da faɗuwar damina, malami yana shuka ilmi a zukatan almajirai, mai karamci ya shuka alheri, mai fitina kuwa a ce ya shuka tsiya. A ra'ayina, wajibi ne malaman lugga su tattara waɗannan ma'anoni cikin ƙamus, domin hikimar magabata ce mai tunatar da ɗalibi cewa kowane amali iri ne, kuma lalle mai shi zai girbe shi.