Roƙo Ga Mahukuntan Kano: A Yi Wa Riƙon Yara Zauren Sulhu Na Kansa

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano, da Mai Shari'a Alƙalin Alƙalai, da shugabannin Hukumar Hisba da na Ma'aikatar Harkokin Mata.

Ni malamar firamare ce, kuma a bakin ƙofar makaranta na ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai wata baiwar Allah da ta yi kusan zango guda tana zuwa mana duk lokacin da aka fita tara. Sai ta tsaya a gindin darbejiya tsallaken titi, da ƙosai a leda, tana leƙen ɗanta ɗan aji biyu. Bayan ta gama idda ne ƙannen mijin suka zo suka ɗauki yaron da sunan zai yi Sallah wajen kakarsa, daga nan ba a dawo da shi ba. Uban ya bar saƙo kada a bar ta ta shigo. Ta tsakanin ƙarafan ƙofa take miƙa masa ledar. Ya ci da sauri, sannan ya goge bakinsa da gefen riga don kada a ga maiƙo a gida a tambaye shi.

Na ce mata, me ya hana ki zuwa kotu? Ta ce, "Malama, in na yi ƙarar uban ɗana, da wane ido ɗan zai dube ni in ya girma?"

Ba mata kaɗai abin ke ci ba. Na san uban da ya ɗinka wa 'yarsa kayan Sallah, aka dawo masa da su a ledar da ya aika, ko kwancewa ba a yi ba. Shekara biyu ke nan bai sa ta a ido ba, alhali unguwa ɗaya ce ta raba su.

Ranku ya daɗe, kun fi ni sanin cewa shari'armu ba ta bar wannan babi a buɗe ba. A mazhabar Malikiyya, yadda yake a Risala da Mukhtasar da Tuhfa, littattafan da alƙalanmu ke hukunci da su, uwa ce ke da haƙƙin reno bayan rabuwa: namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta. In uwar ta auri wani bare, riƙon ya koma hannun mahaifiyarta, sannan 'yan'uwanta mata, kafin a zo kan dangin uba. Shi kuma uba ci da sha da sutura suna wuyansa, kuma ba wanda ya isa ya hana shi ganin ɗansa, ko sa ido kan tarbiyyarsa da karatunsa. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa yadda Sayyidina Umar ya tarar da ɗansa Asim yana wasa a Ƙuba bayan ya rabu da uwar yaron, ya ɗora shi kan abin hawansa zai tafi, kakar yaron ta wajen uwa ta cim masa, suka je gaban Sayyidina Abubakar, ya ce a bar mata shi. Umar bai yi musu ba. To amma a unguwanninmu al'ada ta danne wannan ilimi. Da an yaye yaro sai a ce ai ɗa na uba ne, a kai wa kishiyar uwa ko tsohuwar da ita kanta a kula da ita ake yi. Uwar da ta san haƙƙinta kunya ta hana ta nema, wadda ba ta jin kunya kuma kuɗin mota da yawan ɗage zama su gajiyar da ita.

Ban zo in ce ba a yi komai ba. Tun da aka kafa Hisba da doka a 2003 take sasanta ma'aurata, kuma gidaje da yawa sun tsaya da ƙafarsu ta dalilinta. An yi Zauren Sulhu a zamanin shirin A Daidaita Sahu, babbar kotun jiha ta buɗe cibiyar sasanci a 2009, an kuma sa hannu kan dokar kare yara a 2023. Sai dai galibin sulhun da muka saba da shi na ceto aure ne. In aure ya ƙi cetuwa sai kowa ya kaɗe rigarsa, daidai lokacin da yaro ya fi bukatar manya su zauna a kansa.

Roƙona shi ne a ware wa maganar riƙon yara zaure nata na kanta a kowace ƙaramar hukuma cikin 44 ɗin da muke da su, kusa da kotun shari'a, kuma a yi shi kyauta. Duk ƙarar riƙo ko ciyarwa da ta zo, alƙali ya fara tura ta can, da wa'adin da bai wuce wata guda ba, don kada sulhu ya zama wata hanyar ja wa mai rauni rai. Masar ta yi irin wannan tun 2004, lokacin da ta kafa kotunan iyali tare da ofisoshin sasanci da dole a bi ta cikinsu kafin a shigar da ƙara. Ƙasar Musulmi ce, ba za a ce mun aro abin da bai dace da mu ba.

Waɗanda za su zauna a zauren su ne maganar. A sami malami masanin fiƙihun iyali, da dattijo ɗaya daga kowane ɓangare, kuma lallai a sami mace ma'aikaciyar walwala da aka horar. Ina jaddada wannan domin na san matanmu. Matar da alkunya ta hana ta ko ambatar sunan ɗanta na fari ba za ta buɗe baki a gaban surukinta da maza biyar ta ce tana kwana kuka saboda shi ba. Za ta sunkuyar da kai ta ce duk yadda aka yi daidai ne, a rubuta cewa ta amince, alhali zuciyarta tana ƙuna. A ba ta ɗaki ita da mace 'yar'uwarta tukuna, shi ma uban a ji shi shi kaɗai, domin da yawansu fushi da zugar dangi ne ke riƙe da su, ba son wahalar da yaro ba. Yaron da ya yi wayo shi ma a saurare shi a keɓe, cikin hira, amma don Allah kada a tsayar da shi a ce ya zaɓi ɗaya tsakanin uwarsa da ubansa.

Abin da aka cim ma kuma a rubuta shi dalla-dalla, da Hausa. Ina yaro zai riƙa kwana, wace rana zai je wa ɗaya ɓangaren, wa zai kai shi, wa zai dawo da shi. Ƙaramar Sallah a ina, babba a ina, dogon hutu fa? Kuɗin boko da na Islamiyya da na magani nawa ne, ranar nawa ga wata za a bayar, ta hannun wa? A sa sharaɗin sake duba kuɗin ciyarwa duk shekara, tunda farashin kwanon masara na bara ba shi ne na bana ba. Sannan alƙali ya sa hannu, takardar ta zama hukunci, mai unguwa ya riƙe kwafi. Sulhun fatar baki shi ne wanda ake warwarewa kafin a isa gida.

Inda kuwa aka sami duka, ko cin zarafin yaro, ko barazana, wannan ba ta zaure ba ce, a wuce da ita gaban alƙali kai tsaye.

Akwai kuma wata gaɓa da ke hannunku tun yanzu. Tun 2012 gwamnati ke aurar da zawarawa, kuma aikin lada ne. Amma bazawara ba ita kaɗai take ba, sau da yawa da 'ya'ya biyu ko uku a bayanta, kuma ranar da ta tare hukuncin riƙonsu ya sauya. Yadda ake gwajin lafiya kafin a ɗaura, haka ya kamata a tambaya: yaran fa? Wajen kaka za su koma, ko angon ya yarda ya riƙe agola da zuciya ɗaya, kuma uban nasu ya sani? A zauna a kan wannan kafin a raba gado da katifa.

Yaron da na ba ku labari an sauya masa makaranta a zangon da ya biyo baya, ba a faɗa mana inda aka kai shi ba. Uwar ta ƙara zuwa sau biyu, ta tsaya a gindin darbejiyar har aka koma aji. Ran na ukun ta tsallako ta tambaye ni ko na san inda yake, ban da amsar da zan ba ta, ban kuma san ƙofar da zan nuna mata wadda za ta shiga ba tare da ta yi ƙarar uban ɗanta ba. Wannan ƙofar nake roƙon ku buɗe.