Tuddan Sarakunan Koriya da Namu na Durɓi Takusheyi



A Koriya ta Kudu akwai kaburbura 40 na gidan sarautar Joseon, wanda ya yi mulki daga 1392 zuwa 1910. A 2009 UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya. Ba ko'ina aka haƙa su ba, sai inda tsauni yake baya, ruwa na gudana a gaba. Nan aka tara ƙasa ta zama tudu, aka lulluɓe ta da ciyawa, aka kewaye ta da damisa da tumakin da aka sassaƙa da dutse, ga fadawa da mayaƙa tsaye da dawakansu. Sarki Sejo, wanda ya rasu a 1468, ya bar wasiyya kada a gina masa ɗakin dutse a ƙarƙashin tudun, don kada a wahalar da talakawa. Har yau zuriyar gidan na zuwa kowace shekara.

To, mu ma muna da namu. Kusa da Mani, gabas da birnin Katsina, ga tuddan Durɓi Takusheyi, inda tarihin baka ya ce nan sarakunan Durɓawa suke kwance. Baturen mulki Palmer ya fara tona su a 1907, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. A 1992 aka sake tona uku, aka sami 'yan kunnen zinariya, da mundayen tagulla da na hauren giwa, da wuri, da tasar ƙarfe irin ta ƙasashen Larabawa, shaidar cewa ƙasar Katsina na fatauci da nesa shekaru ɗaruruwa kafin zuwan Bature. Sai da aka kai kayan Mainz ta Jamus aka gyara su.

Abin da ke ci mini rai shi ne, 'ya'yanmu na nan Manchesta sun san gawawwakin Masar da ke gidan tarihi a titin Oxford, amma yaro nawa ya taɓa jin sunan Durɓi?

Wani zai ce addini ya hana gini a kan kabari. Gaskiya ne, kuma babu mai neman a yi tsafi ko a kafa gumaka. Shinge muke nema, da mai gadi, da allo mai bayani da Hausa, da darasi a makarantun Katsina. Iyaye kuma, in kun kai yara gida hutun bana, ku karkata da su Mani.