Kafin Ka Zagi Littafi, Ka Karanta Shi?

Yau ban zo da ci gaban labari ba, faɗa na zo yi, wanda duk ya ji tsakuwa ta same shi sai ya yi haƙuri.

Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wai hirar da makaranta ke yi a tsakaninsu a kan littafi, irin su "me kike karantawa yanzu?" da "wallahi na biyun bai kai na ɗayan ba," wai duk shirme ne da gulmar tsakar gida, sai wanda ya yi jami'a ya san jigo da salo shi ne ke da bakin magana. To ni dai sakandare na tsaya, ban ɓoye wa kowa ba, amma na shekara fiye da ashirin ina rubutu ina kai wa kasuwa, kuma ina faɗa da babbar murya cewa wannan hira da ake rainawa ita ce ta raini littafin Hausa har ya yi ƙafa.

Wanda ya tashi a yankinmu na Kaya da Maradun da Bakura ya san yadda littafi ke tafiya a wancan lokaci. Daga Kano ake saro shi, ya sauka Gusau, ranar Talata ya iso kasuwar Mafara a cikin kwali, mai haya ya ɗinke bayansa da zare ya manna masa leda. Kwafi ɗaya sai ya zaga gida goma. Wadda ba ta iya boko ba, ƙanwarta ko ɗiyar kishiyarta ke karanta mata bayan an gama tuwon dare. Babu talla a rediyo, babu hoto a jarida. Abin da ke sayar da littafi shi ne wata ta ce wa wata, "Ke, nemi wanga, na yi kuka har idona ya kumbura." Abin da ke kashe shi kuma shi ne ta ce, "Wagga mata ba ta iya ƙarshe ba." Mai haya yana ji, dillali a Kano ya ji daga bakin mai haya, kafin wata biyu marubuci ya san matsayinsa. Wace mujallar nazari ce ta taɓa yin aiki da sauri haka?

Kuma kada wani ya ce mini hirar ba ta da zurfi. Ɗauki Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta tara saboda sabuwar amarya, ta kama sayar da abinci ta riƙe gidanta, shi kuma da duniya ta juya masa baya aka taru aka matsa mata ta koma. Na sha jin mata sun raba dare a kan wannan komawa. Wasu na cewa Rabi ta yi wauta, wanda ya wulaƙanta ka da rana ba ya zama abin tausayi da dare. Wasu na cewa ina za ta kai 'ya'ya tara, kuma wa ya taɓa barin mace ta zaɓa a garin nan? Wata dattijuwa ta ce ai marubuciyar da gangan ta mayar da ita, don ran mai karatu ya ɓaci ya tambayi kansa. Don Allah, in wannan ba nazari ba ne, mene ne sunansa? Littafin nan dai shi ne Aliyu Kamal ya fassara zuwa Turanci, kamfanin Blaft ya buga a Indiya a 2012, mutanen waje suka yi ta yabo. Matan tsakar gida sun riga su da shekara ashirin da biyu.

Haka aka yi da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Faɗawar Sumayya rijiya don gudun auren mai kuɗi ta jawo musu a zaure da makaranta da teburin mai shayi, wasu na cewa an koya wa yara mugun abu, wasu na cewa an nuna wa iyaye ƙarshen auren dole ne. Dukkan ɓangarorin ina girmama su, domin sun karanta kafin su buɗe baki.

Wanda nake faɗa da shi shi ne wanda bai karanta ba.

Masana sun yi tasu muhawarar. Malam Ibrahim Malumfashi shi ya raɗa mana sunan "adabin kasuwar Kano," ya caccake mu son ransa, Malam Abdalla Uba Adamu ya tsaya mana a jaridar New Nigerian a 1999, aka yi ta kai ruwa rana. Waɗannan ba ni da ja da su, sun zauna da littattafan, duk da yawancin faɗan da Turanci aka yi shi, mu da aka yi don mu muna gefe muna jira a fassara mana. Amma sai ga wasu 'yan bin yarima a sha kiɗa sun ɗauki sunan kawai sun mayar da shi zagi. Ka ji mutum ya taɓe baki ya ce, "Ai littattafan soyayya ne, ɓata tarbiyya." Ka ce masa wanne? Shiru. Wane shafi? Ya ce shi ba ya da lokacin karanta shirme. To malam, alƙalin da bai saurari ƙara ba ya yanke hukunci, me ake kiransa?

Kada a ɗauka abin ya tsaya a fatar baki. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta tara littattafan Hausa a wata makarantar 'yan mata a Kano aka cinna masu wuta, a zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, bayan nan hukumar tace fina-finai ƙarƙashin Abubakar Rabo ta ce marubuta su zo su yi rajista. Wuta ba ta tantance mai kyau da maras kyau. Su kuwa makaranta suna tantancewa. Tun kafin kowace hukuma, uwa ta san littafin da za ta ɓoye ƙarƙashin katifa da wanda za ta miƙa wa ɗiyarta, irin su Wa Zai Auri Jahila?, wanda ke yi wa masu cire yarinya daga makaranta faɗan da ko mai wa'azi bai yi ba.

Amma in an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu. Mu marubuta, wasunmu sun fi kowa raina mai karatu. A da, adireshi muke sawa a bayan littafi, wasiƙu su zo ta gidan waya, wasu yabo wasu wankin babban bargo, kuma da su ake gyara littafi na biyu da na uku. Yanzu da labari ya koma cikin waya, marubuci so yake a ce masa "ya yi daɗi, Allah ya ƙara basira, a ci gaba," shi ke nan. Wata ta kuskura ta ce jarumar nan ta cika kuka, ko ta ce yaya aka yi talakan shafi na goma ya sayi mota a shafi na talatin, sai a taso mata, 'yar hassada, in kin iya ki rubuta naki. Subhanallahi! Sai na iya dawa da daka kafin in ce fura ta yi tsami? Wadda ta cire kuɗin cefanenta ta sayi labarinka, ta hana idonta barci, ta fi abokinka da ke yabonka bai wuce shafi uku ba haƙƙi a kanka. Shi ma mai yabon da bai karanta ba, layinsu ɗaya da mai zagin da bai karanta ba, sai dai nasa ya fi daɗin ji, shi ya sa ya fi illa.

A watan Satumba na 2021, bayan an kwashe ɗalibai daga makarantar sakandaren Kaya, aka rufe layukan waya a Zamfara, ga kasuwannin mako a rufe. Ba lokacin nishaɗi ba ne, kowa da abin da ke ransa. Amma dare yana da tsawo ga wanda tsoro ya hana barci, kuma da idona na ga tsofaffin littattafai sun fito daga ƙasan akwati, babu bango, wasu babu shafin ƙarshe, ana miƙawa ta kan katanga. Wadda ta taɓa karantawa ita ke ba da ƙarshen da baki, wata ta ce ba haka aka yi ba, musu ya tashi. Masu cewa shirme ne, ina suke a waɗannan darare?

Ni a makon nan So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwaheed nake maimaitawa, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980, ita kuma ta daɗe zaune a Gusau, tamu ce. Ra'ayina, farkon littafin, inda Boɗaɗo ke jayayya da danginta a kan auren Yasir, ya fi mini ƙarfi nesa ba kusa ba, daga inda aljana ta shigo kuwa sai na ji labarin ya saki hannuna. Na san akwai waɗanda wurin aljanar ne ma ya fi burge su. Wanda ya karanta ya zo mu yi ta, har asuba in ya so.