Alƙalamin ƙarfe a fadar shugaban Amurka

A wannan mako za mu leƙa ƙasar Amurka, inda wata ƴar na'ura ta haddasa babbar gardama. Sunanta otofen. Ana maƙala mata alƙalami na gaske, sai ta zana sa hannun mutum daidai yadda aka saita ta, ko da mai sunan yana wata uwa duniya. Tambayar ita ce: takardar da na'ura ta sa wa hannu da sunan shugaban ƙasa, tana da ƙarfin doka kuwa?

Tsarin mulkin Amurka ya tanadi cewa idan majalisa ta zartar da doka, shugaba in ya amince sai ya sa mata hannu, kuma kwana 10 gare shi ban da lahadi. Bai ce dole sai da yatsunsa ba. A shekara ta 2005, zamanin Joji Bush ƙarami, lauyoyin ma'aikatar shari'a suka fitar da ra'ayinsu: muddin shugaba da kansa ya yanke shawara, yana iya umurtar wani ma'aikaci ya ɗora sa hannun nasa, ko da da na'ura ne. Amma shi Bush bai taɓa yin hakan a kan doka ba.

Barak Obama ne ya fara, a watan Mayu na 2011. Yana taron manyan ƙasashe 8 a Dobil ta Faransa, wa'adin wasu sassa na dokar yaƙi da ta'addanci ya kusa cika. Daga can ya ba da umurni, na'ura ta sa hannu a Washinton. Wasu ƴan majalisa na jam'iyyar adawa sun yi ƙorafi, amma dokar ta ci gaba da aiki.

A watan Maris na 2025 maganar ta sake tashi. Donal Turam ya ce afuwar da Jo Baiden ya yi wa wasu mutane gab da saukarsa ba ta da inganci, wai da na'ura aka sa hannu, kuma wai tsohon bai ma san an yi ba. Baiden ya mayar da martani cewa shi ya yanke kowace shawara. Shi kansa Turam ya yarda yana amfani da na'urar a kan takardun da ba su da muhimmanci. Game da afuwa kuwa, wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke a 2024 cewa tsarin mulki bai ma wajabta a rubuta ta ba.

To, a ganinmu asalin maganar ita ce yardar shugaba. Kakanninmu sun san haka: magatakarda ke rubuta wasiƙar sarki, a buga mata hatimi, kowa ya karɓe ta a matsayin maganar sarki, domin da izininsa aka buga. Wanda ya saci hatimi ya buga, ɓarawo ne. Haka ma ma'aikacin da ya kunna na'ura ba tare da umurni ba: ya yi jabu, takardarsa kuma banza ce.

Sai dai zargi ba hujja ba ne, kuma mai ƙara shi ke kawo shaida, a gaban alƙali. In da kowane sabon shugaba zai iya soke takardun magabacinsa da fatar baki kawai, wanda aka yi wa afuwa yau zai kwana da fargabar gobe, doka kuma ta zama rigar aro.

Maganin a fili yake. Duk lokacin da za a kunna na'urar, a rubuta wa ya ba da umurni, yaushe, kuma a gaban wa. Idan kuwa takardar ta shafi ƴancin mutum ko dukiyar ƙasa, babu abin da zai ragu ga shugaba in ya ɗauki alƙalami da hannunsa. Jama'a mutum suka zaɓa, shi kuma za su tuhuma.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.